Sarewar Malam da Magulmaciyar Silin

Ranar da Injiniya ya shigo mana da tsani a kafaɗa, na san ɗan hutun da na samu ya ƙare. Ɗanmu ne na fari. Ba injiniyan gaske ba ne, ubansa ne ya laƙaba masa sunan tun yana ƙarami saboda babu rediyon da ya tsira daga hannunsa a gidan nan, sunan kuma ya bi shi har ya yi gemu. Yanzu aikinsa liƙa na'urori a makarantu da otal-otal, irin masu shinshinar iska ɗin nan, da wani ya busa hayaƙi a ɓoye su aika saƙo wayar mai kula da wurin. Irinsu ya kawo mana guda uku a kwali, sababbi fil, ya jera su a teburin falo yana murmushi kamar wanda ya kawo tsaraba.

Abin da ya kawo tsanin ya samo asali ne tun kafin a haifi mai tsanin. Malam, maigidana, direban manyan motocin haya ne har ya ajiye aiki, kuma da sigari a bakinsa na aure shi. Da yana tuƙi cewa yake barci yake kora. Da ya daina tuƙi sai ya ce kewar hanya yake kora. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye ashana, na taɓa tsoma kwali guda a bokitin wanki. Daga baya na gaji, na saya masa farantin toka don a ƙalla kafet ɗina ya tsira, na kuma daina sayen farin labule.

Bara ne tarin da muka saba da shi ya canza murya. Wata safiya ya miƙe zai je alwala, sai na ji faɗuwarsa a falo. Maƙwabta ne suka kinkime shi suka sauko da shi, don a hawa na uku muke kuma benen ba shi da lif. A asibiti aka sa masa robar iska a hanci. Likitar wata mace ce mai gajeriyar magana. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta nuna min da biro, ni dai duhu da haske kawai na gani.

"Mama, abin da ya lalace ya lalace," in ji ta. "Wanda ya rage za mu yi tattali. In ya koma wa sigari, tukunyar iskar nan za ta bi ku gida, kuma in ta shiga ba ta fita."

Aka sallame mu da cingam na musamman da wani filasta da ake mannawa a dantse. Malam ya tauni cingam har haƙoransa suka yi tsami, ya manna filasta har biyu a lokaci guda. Abin da muka samu shi ne masifa. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya a gaban yara ba ya koma faɗa da ƙofa, faɗa da cokali, faɗa da mai karanta labarai a talabijin. Sai ya daure kwanaki, sai in tsinci guntun sigari a bayan tagar banɗaki. Da muka koma asibiti na faɗa wa likitar gaskiya a gabansa, yana hararata.

Ta juya biro a hannunta ta ce, "Akwai sigarin lantarki. Ba zan ce muku lafiya ce ba, don ba ita ba ce. Amma ga mai irin ƙirjin Baba gara shi da na ashana. Ya riƙe shi a madadin wancan, a riƙa rage ƙarfin ruwan a hankali har shi ma ya rabu da shi. Abu ɗaya dai, kada ya kuskura ya koma wa na da."

Malam ya ce shi da girmansa ba zai shiga shagon yara ba. To wa zai shiga? Ni na yafa mayafi na tafi. Shago ne mai fitilu kala-kala, yana ƙamshi kamar wurin sayar da alewa, da wasu samari biyu masu askin da ban san sunansa ba.

"Mama, ɓatan hanya kika yi?" in ji ɗaya.

"Ban ɓata ba. Abin busawar nan nake so, na tsofaffi."

Suka kalli juna suna danne dariya. Da na ce na maigidana ne, likita ta ce, sai suka nutsu, har ɗaya ya ba ni kujera. Ya koya min yadda ake zuba ruwan da yadda ake caji, ya maimaita min sau biyu kamar mai koya wa yaro karatu. Ya tambaye ni ƙamshin da nake so, wai akwai kankana, akwai na'ana'a, akwai mangwaro. Na ce babu mai warin taba kawai? Ya ce ya ƙare. Na ɗauki mangwaro na fito ina waige-waige, kada wata da muke gaisawa ta gan ni.

Malam ya juya abin a hannunsa, ya ce, "Wannan ai sarewa ce." Shi ke nan ta samu suna. Kwanakin farko ya yi ta zaginta yana zuƙa, daga baya zagin ya ragu zuƙar ta zauna. Yana da kujerarsa a falo kusa da taga. Nan zai zauna bayan ya ci abinci, ya ja, ya saki wani farin gajimare mai ƙamshin mangwaro, kafin ka ƙifta ido ya baje. Babu toka, babu ƙona riga. Tarin asuba ya ragu. Har ɗanɗanon bakinsa ya dawo, ya wayi gari yana gaya min wai ina cika gishiri a miya, ni da nake dafa masa tun yana da baƙin gashi. Ban ji haushi ba. Sau biyu na koma shagon samarin nan aka ba ni ruwa mai rauni fiye da na baya, kuma ya karɓa bai yi gardama ba. Watannin nan su ne na fara barci da ido biyu a rufe.

Sai Injiniya ya zo gaisuwa ya tarar da ubansa a cikin gajimare.

"Baba, me nake gani haka?"

"Sarewa ce. Likita ta ba ni."

"Wace likitar? Baba, wannan abin nake kamawa a hannun yara kullum. Jiya ma a wata makaranta an cika leda da su. Ka san abin da ke cikin ruwan nan? Ni ban sani ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Ka fito daga rami ka faɗa wani."

Na sa baki na ce ai ragewa ake yi, an kusa. Ya juyo kaina.

"Umma, tun ina firamare nake jin an kusa. A cikin hayaƙin gidan nan na girma, malamai na shinshina rigata suna zaton ni ne. Na ga Baba da roba a hanci. Ba zan sake gani ba, kuma ba zan kawo 'yata ta shaƙi wani abu ba, ko na mangwaro ne ko na lemo."

Nan ya kama mu, kuma ya san ya kama mu. 'Yarsa ita ce jikarmu tilo, tana da ciwon asma, uwarta ko turaren fesawa ba ta bari a yi kusa da ita. Shi Malam, Amarya yake ce mata, in ta zo ba ya ganin kowa a gidan. Tun kwanciyarsa asibiti ba a kawo ta ba, sai dai a waya, tana liƙa hancinta a gilashi tana kiran Kaka. Ban ga laifin uwar ba. Ban ma ga laifin Injiniya ba a ranar, don duk abin da ya faɗa game da yarintarsa gaskiya ne, ni na wanke rigunan.

Ya ce magana ɗaya ce. Baba ya ajiye sarewa gaba ɗaya. Shi zai liƙa na'urorinsa, in wayarsa ta huta da saƙo na wani lokaci mai tsawo, ya tabbata iskar gidan ta gyaru, da kansa zai kawo Amarya ta wuni, har ta kwana.

Malam ya daɗe yana kallon sarewar a hannunsa. Sannan ya ce, "Liƙa abinka."

Haka tsani ya shigo. Na'urar fara ce, faɗinta kamar murfin kwano, da wata 'yar koriyar fitila da ba ta mutuwa. Ba ta ƙara, ba ta ɗaukar hoto, ita dai ta shinshina ta kai rahoto. Ya liƙa ɗaya a silin falo daidai saman kujerar ubansa, ɗaya a ɗakin barci, ya ja tsani ya nufi banɗaki.

"Har banɗaki?" na ce.

"Can kowa ke fara gudu, Umma. Aikina ne, na sani."

Kicin kawai ya bari, wai hayaƙin girki zai rikita ta. Da ya tafi Malam ya ɗaga kai ya kalli koriyar fitilar ya ce, "An kawo mana magulmaciya." Ita ma ta samu suna.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a ina. Ranar farko ya kai har la'asar. Ina ganinsa yana tashi yana zama, yana buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba. Can ya ɗauko sarewa ya leƙa da kai ta taga ya ja sau ɗaya. Iska ta maido masa da abinsa ciki. Bai gama zama ba wayata ta yi ƙara.

Wayata fa, ba tasa ba. Injiniya bai taɓa iya tsare ubansa da tambaya ta waya ba, sai ya bi ta kaina.

"Umma, me ya faru a falo yanzu?"

"Turare na fesa."

Washegari na ce guga nake yi, tururin dutsen ne. Na ce maganin sauro. Na ce maƙwabta ke ƙona shara. Ni da na yi wa yaron nan duka a kan ƙarya, ga ni da furfura ina shirga masa ita safe da yamma. Malam kuwa ya bi duk dabarar da ɗaliban makaranta ke yi ba tare da an koya masa ba. Ya busa a cikin matashin kai, ya busa a cikin jiƙaƙƙen tawul, ya rufa da bargo da rana tsaka yana gumi. Wani lokaci ya tsira, yawanci a kama shi. Ranar da ya hau kujera zai ɗaure wa magulmaciya leda a baki, ita da kanta ta kai ƙarar an taɓa ta.

"Umma, don Allah ki daina kare shi," in ji Injiniya. Muryarsa a gajiye take, ina jin ƙarar injin huda bango a bayansa. "Ina kan tsani a wurin aiki saƙo ke shigowa. Na'urar nan ta san bambancin turare da abin nan. Kina taya shi kashe kansa ne."

Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Na rasa wanda zan ji wa haushi, sai na ji haushin kowa.

Na ce wa Malam ya riƙa shiga kicin, tunda can babu ido. Ya shiga sau biyu. Kicin ɗinmu in mutum biyu suka tsaya sai ɗaya ya fita kafin a buɗe firij. Na same shi tsugune tsakanin buhun shinkafa da kwandon shara yana zuƙa da sauri-sauri. Muka haɗa ido. Ya miƙe a hankali yana dafa bango.

"Ni da gidana," ya ce. "Ni na biya kuɗin silin nan da aka liƙa mata. In koma ɓuya a bayan shara kamar ɓera?"

"To ya kake so in yi? Kai ka ce ya liƙa. Kai ka busa, ni a kira. Na gaji, Malam. Wallahi na gaji da zama tsakaninka da ɗanka."

Ya sa sarewa a aljihu, ya zura takalmi, ya sauka ƙasa.

A ƙofar benenmu akwai mai shago, a gaban shagon akwai benci, a kan bencin kuma akwai Kwandasta. Tare suka yi aiki da Malam shekara da shekaru, shi ma ya ajiye, yanzu ba shi da aiki sai zama da ba da labarin hanyoyin da aka daina bi. Bakinsa ba ya rabuwa da sigari. Tun dawowarmu daga asibiti Malam ya ƙaurace wa bencin nan, shi da kansa ya ce ba zai iya zama kusa da warin ba. Amma mai ƙirji irin nasa ba ya sauka hawa uku don zuƙa biyu ya hawo. In ya sauka, ya sauka ke nan sai an kira salla.

Ranar farko ya dawo yana wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Wai Kwandasta ya ce ina ƙamshin 'yan mata. Wai in ba shi alewar shi ma ya tsotsa."

"Sai ka ce masa me?"

"Me zan ce? Mangwaro kika sayo."

Daga ranar wayata ta yi shiru. Na samu sararin yin guga ba tare da na shirya amsa ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin shirun. Malam zai karya, ya sauka, ya hawo da azahar ya ci abinci, ya sake sauka. Injiniya ya fara kira da wata murya daban.

"Umma, kin gani ko? Layi ɗaya miƙaƙƙe na'urorin ke nuna min a waya, ko ɗigo babu. Na gaya miki daurewa ce kawai. Ki gaishe min da Baba, ki ce ina alfahari da shi."

Na isar da saƙon. Malam ya ce, "Madalla," bai ɗago daga kwanonsa ba.

Ba rana ɗaya na gane ba. Da farko na lura yana tsayawa a famfon tsakar gida ya wanke hannu da baki kafin ya hawo, mutumin da sai na yi magana yake wanke hannu kafin cin abinci. Sai alewar na'ana'a ta fara cika masa aljihu. Sai ya daina cewa gishiri ya yi yawa. Sai wata safiya na buɗe durowa neman allura na ga sarewa kwance a kan takardun asibiti, alhali mai ita yana ƙasa tun hantsi. Na ɗauke ta, ruwanta na nan yadda na zuba shi tun makon jiya.

Na fita na tsaya a tagar matakala, inda ake hango bencin. Yana zaune ya ba bene baya. Kwandasta na ta zuba da hannu. Hannun Malam na dama na ɓoye a tsakanin gwiwoyinsa, sai ya sunkuya kamar mai duba takalmi, ya ɗago, wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya bi gefen kunnensa ya tashi. Na san wannan sunkuyon. Na san yadda kafaɗunsa ke sauka in ya ja na gaske.

Ban yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Na koma ciki na sa sarewar a caji, ban san dalili ba. Da ya hawo ina jin sa tun daga ƙasa, yana hawa yana tsayawa, numfashinsa na fita da wani ƙaramin fito. Na zuba masa abinci. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda yake kallon ƙofa kamar mai jiran duka, na ce bari sai gobe. Goben ta yi ta zama gobe. In na faɗa wa Injiniya, Amarya ba za ta zo ba, kuma zuwanta ne kaɗai abin da Malam ke tambaya. In na yi shiru, ina kallo tukunyar iska na matsowa. Kullum sai in cire sarewar daga caji in ajiye masa kusa da kofin shayi, kullum sai ya tsallake ta ya fita.

Ranar Asabar da rana suka zo, Injiniya da matarsa da Amarya da 'yar jakarta ta kwana. Malam ya yi wanka sau biyu, ya sa sabuwar riga, tun safe bai sauka ba, sai zufa yake yana tsotsar alewa. Injiniya ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya kawo wa ubansa takalmin motsa jiki, wai yanzu da ƙirji ya buɗe sai a fara zagaya unguwa da safe. Ya zauna ya buɗe waya yana nuna mana koren layinsa.

Amarya ta ƙwace daga hannun uwarta ta ruga.

"Kaka! Kaka, ɗauke ni!"

Malam ya miƙe. Na ga hannayensa sun taso, sai ya mayar da su baya ya harɗe.

"Mura nake yi, Amarya. Tsaya daga nan in gan ki. Kai, kin yi tsawo."

Ba ta san wannan ba, ta rungume ƙafafunsa ta cusa fuska a rigarsa. Ya yi ƙoƙarin yin dariya, dariyar ta juye tari. Irin tarin nan ne na da, mai fitowa daga can ƙasa, wanda ba ya tsayawa sai ya ga dama. Ya dafa kujera ya durƙusa, idanunsa suka yi ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yarinyar ta ja da baya ta fashe da kuka. Uwarta ta zo ta ɗauke ta, kuma da ta sunkuya kusa da Malam na ga hancinta ya motsa. Wanka biyu ba ya fitar da abin da ke cikin ƙirji. Ta dube ni ta kau da kai, yarinya ce mai kunya. Ta ce bari su je mota ta ɗauko wa Amarya maganinta, suka fita.

Injiniya na tsaye da kofin ruwa. "Baba, ko mu je asibiti? Murar ce ta sauka ƙirji?"

Na shiga ɗaki na ɗauko sarewa. Na zaunar da Malam a kujerarsa, daidai ƙarƙashin koriyar fitilar, na damƙa masa ita a hannu.

"Sha," na ce. "A nan, a kujerarka."

"Umma!" in ji Injiniya. "Me kike yi haka? Bayan duk wahalar da ya sha?"

"Rufe min baki. Wace wahala? Magulmaciyarka ta yi shiru ne don ubanka na ƙasa a benci yana shan na ashana. Ka kore shi daga falonsa, ka kore shi daga ɗakinsa, har banɗaki ka bi shi. Ina kake so ya je? Silin kake tambaya lafiyar ubanka, ga shi a gabanka ba ka dube shi ba."

Na faɗa da zafi fiye da yadda ya cancanta, na sani. Ya kalli ubansa yana jiran a ƙaryata ni. Malam bai ɗago ba.

"Baba?"

"Gaskiya ta faɗa."

Injiniya ya zauna a hannun kujera. Malam ya kai sarewa baki ya ja. Farin gajimaren ya tashi, ƙamshin mangwaro ya cika falon, wayar da ke hannun Injiniya ta yi ƙara. Babu wanda ya dube ta. Malam ya sake ja, da ƙarfi wannan karon, har kumatunsa suka lotsa. Ya riƙe, ya saki. Ya ja na uku. Sannan ya ajiye ta a kan tebur a hankali.

"Iska nake zuƙa," ya ce. "Ba ta kama ni yanzu."

Ruwan da ke ciki shi ne mai raunin nan na ƙarshe, wanda muka yi watanni kafin mu sauko kansa. Jikinsa ya riga ya koma inda ya fito.

"Zan cire na'urorin yau," in ji Injiniya. "Yanzun nan zan cire. Umma ta nuna min shagon, in sayo mai ƙarfin, irin na farko. A sake daga farko, Baba. Ai an yi sau ɗaya."

"An yi," in ji Malam. "Da ƙyar aka yi." Ya shafa gwiwarsa. "Ka kai Amarya gida, kada ta kwana a nan. Ka ce mata murar Kaka ba ta warke ba."

Ya miƙe ya nufi ƙofa. Sabon takalmin na nan a kwalinsa, ya zura tsohon silifas ɗinsa.

"Malam, ina za ka?"

"Tun safe ban sauka ba," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Injiniya ya jawo kujerar cin abinci ya hau, ya fara murɗa na'urar falon da hannu, yana share ido da dantse. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina sauraren silifas ɗin a kan matakala. Can ƙasa kaɗan takun ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har na saki ƙofar na taka mataki ɗaya, na ɗauka juyowa zai yi. Ashe numfashi yake mayarwa. Da ya samu, sai takun ya ci gaba da sauka.